Makulli na Uku

Akwai wani saurayi da tun yana firamare ake kiransa Na-ɗaya. Ba sunan yanka ba ne. Duk jarrabawar da aka yi shi ke zuwa na ɗaya, har malamai suka gaji da kiran sunansa ranar ba da sakamako, sai dai su ce, "Na ɗaya kun san shi, mu je na biyu." Sunan ya bi shi sakandare, ya bi shi jami'a, har mahaifiyarsa ma da shi take kiransa in za ta aike shi.

Yaro ne mai ƙwaƙwalwa, wannan babu musu. Amma akwai wata cuta da ke kama irinsu, ba ta bayyana sai an bar gida. Mutumin da duk rayuwarsa shi ake tambaya, bakinsa yakan yi nauyi ranar da tambaya ta zama tasa. Na-ɗaya ya gwammace ya yi awa biyu yana bulayi da ya tsayar da mutum ya ce, "Don Allah ina ne hanya?"

Da ya samu gurbin ƙaro karatu a ƙasar waje, gida ya cika da 'yan taya murna. Mahaifinsa tsohon ma'aikacin gidan waya ne, ya shekara talatin yana tantance wasiƙun mutane kafin ya yi ritaya. Ranar tafiya ya kira ɗan nasa. Ya ce in ya isa ya turo masa adireshin gidan da zai zauna, cikakke, har da lambar ɗaki, domin zai rubuto masa wasiƙa.

Na-ɗaya ya yi dariya. "Baba, wa ke rubuta wasiƙa yanzu? Ga waya."

"Waya ta gaisuwa ce," in ji tsohon. "Magana a takarda take zama."

Gidan da aka ba shi masauki bene ne mai hawa biyar, ɗakinsa a hawa na huɗu. Gado, tebur, kujera ɗaya, kabad, sai taga da ke kallon bangon wani ginin. In ya miƙa hannayensa biyu, saura kaɗan ya taɓa bango da bango.

Wadda ta karɓe shi wata tsohuwa ce mai kula da ginin, gajeruwa, kanta fari fat, tabarau na rataye a wuyanta da igiya. Ta miƙa masa zobe mai makullai uku, ta shiga yi masa bayani da yaren garin, tana nuna nan tana nuna can. Shi kuwa yaren da ake karatu da shi a jami'a ya iya. Na garin, daga gaisuwa bai san komai ba.

Amma ya za a yi Na-ɗaya ya ce bai gane ba? Ya riƙa gyaɗa kai kamar ƙadangare. Da ta tsaya ta dube shi, alamar tana tambaya ko ya fahimta, sai ya ƙara gyaɗawa da ƙarfi.

Babban makulli na ƙofar waje ne, matsakaicin na ɗakinsa. Na ukun ɗan mitsitsi ne. Ya gwada shi a kabad, bai shiga ba. Ya gwada a aljihun tebur, ya gwada a taga, duk a banza. Ya ce ƙila na wani tsohon kwaɗo ne da aka manta ba a cire ba, ya bar shi yana lilo a zoben.

A zauren shiga gidan, ta hannun dama, akwai jerin ƙananan ƙofofin ƙarfe a jikin bango, kowace da lamba. Safe da yamma yana wuce su. Ya ɗauka mitocin wuta ne. A garinsu wasiƙa ba ta bin mutum gida, a gidan waya take zama har mai ita ya je. Kuma duk wani abu mai muhimmanci, ai kiran mutum ake yi a waya, ko a aiko wani ya faɗa masa.

A mako na biyu ne abin da ya ɓata tsakaninsa da tsohuwar ya faru. Ya sauko da ledar shara ya jefa a kwandon da ya fi kusa da shi. Bai san a garin kowace shara da gidanta ba: kwalba daban, takarda daban, ragowar abinci daban. Tsohuwar ta tsayar da shi, ta ciro ledar, ta kwance ta a gabansa, ta riƙa ɗaukar abu ɗaya-ɗaya tana nuna masa inda ake sa shi. Wasu ɗalibai mata biyu suna tsaye, ɗaya ta sa hannu ta rufe baki.

Ba zagi tsohuwar ta yi ba, ko murya ba ta ɗaga ba. Amma Na-ɗaya ya ji kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa. Shi da malamai ke nuna wa 'yan aji a ce a yi koyi da shi, yau mai goge-goge ce ke koya masa zubar da shara? Tun daga ranar ya sa mata suna a ransa, Mai Bokiti, ya kuma ƙudura ba za su sake haɗa hanya ba.

To, guje wa mutumin da ke share matakalar da kake bi ba ƙaramin aiki ba ne. Sai da Na-ɗaya ya haddace lokutanta kamar darasi. Daga takwas zuwa tara na safe tana goge matakala. Don haka ko dai ya fita ƙarfe bakwai ya je ya tsaya cikin sanyi a ƙofar jami'a kafin a buɗe, ko kuma ya zauna a bakin gado da takalmi a ƙafa da jaka a baya, yana sauraron ƙarar bokitinta har ta sauka ƙasa. Sau biyu ya rasa darasin safe saboda ta daɗe a hawa na uku.

Daga gudun mutum ɗaya, abin ya zama gudun kowa. Akwai kicin ɗaya da duk 'yan hawan ke amfani da shi. In ya leƙa ya ga mutum a ciki sai ya koma, don bai san yadda ake kunna murhun ba, kuma ba zai tambaya ba. Burodi da shayi suka zama abincinsa. Injin wanki na ƙasan bene, kusa da ɗakin tsohuwar, saboda haka a bahon wanka yake wanke kayansa, ya shanya su a bayan kujera su kwana uku ba su bushe ba.

Babu wanda ya kulle shi. Makullin ɗakin a aljihunsa yake. Amma daga aji sai ɗaki, daga ɗaki sai aji, kuma wani lokaci yakan wuni bai ji muryarsa ba. Ya yi kewar gida har ƙirjinsa na ciwo. Ya tsani bangon da tagarsa ke kallo, ya san kowane tsagi da ke jikinsa.

Duk ƙarshen mako yakan kira gida. Ya gyara murya ya ce wa mahaifiyarsa komai lafiya, ya yi abokai, har ya yi ƙiba. Daga nan sai ta miƙa wa mahaifinsa wayar.

A wata na biyu tsohon ya tambaye shi ko wasiƙar ta iso. Na-ɗaya bai ga wata wasiƙa ba. Ya tabbata a hanya ta ɓace, kuma ba ya son ya karya zuciyar mutumin da ya ba gidan waya ƙuruciyarsa. Sai ya ce, "Ta iso, Baba. Na gode."

Tsohon ya ce, "Madalla. Ka karanta har ƙarshe?"

"Har ƙarshe."

"To."

Daga nan kowane mako sai tsohon ya tambaya ko akwai abin da yake son faɗa masa. Na-ɗaya ya ce babu. Tsohon ya ce to, Allah ya yi albarka.

A wata na biyar tsohuwar ta fara tare shi da gangan. Ranar farko ya gan ta a zaure tana ɗaga masa hannu, ya manna waya a kunne kamar ana kiransa, ya wuce da sauri. Rana ta biyu ta hau har hawa na huɗu ta ƙwanƙwasa masa ƙofa. Yana ciki, ya ɗauke numfashi, yana kallon inuwar ƙafafunta ta ƙarƙashin ƙofar har ta tafi.

Sai ta koma turo masa takardu ta ƙasan ƙofa. Ya buɗe ta farko, ya ga rubutu da yaren garin, ya ninke. Ya san dai ba ta wuce ƙorafi, ko shara, ko jiƙaƙƙun kaya, ko wani laifin da bai ma san ya yi ba. Yana da wayar da za ta fassara masa a cikin minti ɗaya. Amma wanda ke gudun faɗa ba ya neman tafinta. Ya jefa ta a aljihun tebur. Duk wadda ta biyo baya, ko buɗewa ba ya yi. Sai da suka zama bakwai.

Wata ranar Litinin, a wata na bakwai, ya sa katinsa na ɗalibi a ƙofar laburare, fitila ta nuna ja. Ya goge katin a riga ya sake sawa, ja. Mai gadi ya nuna masa hanyar ofishin ɗaliban ƙasashen waje.

Matar da ke ofishin ta duba kwamfuta ta daɗe tana kallo. Ta ce takardar izinin zamansa ta farko ta wata shida ce, ta ƙare, kuma bai je an sabunta ba. Saboda haka jami'a ta dakatar da rajistarsa. Ta ce ofishin da ke ba da izinin ya rubuta masa har sau uku yana kiransa.

Na-ɗaya ya ce ko sau ɗaya ba a kira shi ba. Ya zaro waya yana nuna mata, babu kira, babu saƙo.

"Ba sa kira a waya," in ji ta. "Takarda suke aikawa gida. Ka duba akwatinka?"

"Wane akwati?"

Kallon da ta yi masa ba na raini ba ne, na tausayi ne, kuma shi ya fi yi masa zafi.

Da gudu ya koma gida. Ya tsaya a zaure gaban ƙofofin ƙarfen nan da ya wuce fiye da sau ɗari huɗu. Ga lambar ɗakinsa nan ɓaro-ɓaro a jikin ɗaya. Ya laluɓo ɗan makullin nan na uku. Ya shige kamar an shafa masa mai.

Takardu suka zubo masa a ƙafa. Na talla, na jami'a, da ambulan uku masu hatimin hukuma. A can ƙasa, wadda ta riga kowa zuwa, wata ambulan ce ruwan ƙasa mai kan sarki huɗu, da rubutun da ko a mafarki zai gane. Rubutun mahaifinsa ne.

Ya hau sama ya sa waya ta fassara masa wasiƙun hukuma. Ta farko gayyata ce. Ta biyu tunatarwa. Ta uku ta ce ranar ƙarshe ta wuce da kwana tara, kuma yana da kwana talatin ya bar ƙasar, sai fa in ya zo da hujja, tare da takardar da mai kula da gidan ta sa wa hannu cewa lallai a adireshin yake zaune.

Mai kula da gidan. Mai Bokiti.

Kwana biyu bai fita ba. Ya sauko da akwatin kayansa daga kan kabad, ya buɗe shi a ƙasa, ya zauna yana kallonsa. Ya tuna mutanen da suka raka shi tashar mota, ya tuna mahaifiyarsa tana gaya wa maƙwabta ɗanta na can yana karatu. Da wane baki zai ce an koro shi? Ba don ya faɗi jarrabawa ba, ba don ya yi laifi ba, sai don bai buɗe akwatin da makullinsa ke aljihunsa wata bakwai ba.

A rana ta uku da safe yana neman fasfo a aljihun tebur, sai ya ci karo da takardun tsohuwar. Ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya.

Biyun farko rubutu ne. Da ta ga shiru, ta uku sai ta rage kalmomi. Daga ta huɗu ta daina rubutu gaba ɗaya, ta koma zane kamar na 'yan firamare: ga makulli, ga kibiya, ga akwati, ga lambar ɗakinsa. A ta shida ta zana ambulan da hatimi, ta ja layi uku a ƙasa, domin ta hango hatimin ta tsagin akwatin kuma ta san abin da yake nufi. A ta bakwai, ƙarƙashin zanen, ta rubuta kalma ɗaya da yaren da yake karatu da shi, da alama wani ta roƙa ya koya mata. Ma'anar kalmar ita ce, "Don Allah." Kowace takarda da kwanan wata a samanta.

Na-ɗaya ya kifa kansa a tebur ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun yana yaro. Matar da ya yi wata biyu yana ɓoye mata numfashi, ashe hawa huɗu take hawowa da tsufanta don ta cece shi.

Da ya share ido ya buɗe wasiƙar mahaifinsa. Ba ta da tsawo.

"Ɗana, karatu ka iya shi, ba zan koya maka ba. Abin da nake tsoro shi ne bakinka. Inda ka je, kai ne na ƙarshe a aji, domin ko yaron goye ya fi ka sanin garin. Da ɗan gari akan ci gari. Wanda ka fara samu a ƙofar gida, ka gaishe shi, ka ce masa kai baƙo ne ba ka san komai ba. In wasiƙar nan ta same ka, kada ka ce mini ta iso. Ka faɗa mini sunan wanda ya fara nuna maka hanya a gidan, in riƙa sa shi a addu'a. Da haka zan san ka karanta."

Ashe duk makon da ya ce babu abin da zai faɗa, tsohon ya san ƙarya yake yi. Ya sani, ya yi shiru, yana jira.

Ya kwashi takardun duka ya sauka. A ƙofar ɗakinta ya tsaya ya fi minti biyar kafin ya ƙwanƙwasa. Da ta buɗe, bai san lokacin da ya rusuna ba, kamar yadda yake gaida iyayensa. Ya ce, "Mama," da harshensa, domin ba shi da wata kalmar. Ya miƙa mata wasiƙun, ya rubuta a waya ta fassara mata: ni baƙo ne, ban san komai ba, ki yafe mini.

Ta sa tabarau ta karanta wasiƙar hukuma, ta girgiza kai. Sannan ta karɓi wayarsa ta yi magana a ciki, wayar ta fassara:

"Shekarata ashirin a gidan nan. Kai ne na huɗu da bai san akwatin ba. Sauran ukun sun tsaya na nuna musu."

Ta sa hannu a takardar shaida, ta jingine sandar goge-gogenta a bango, ta ɗauko rigar sanyi. Ran nan matakala ba ta ga ruwa ba.

A ofishin suka ɗauki lamba suka zauna awa uku. Da aka kira su, jami'in da ke bayan gilashi ya saurari bayanin Na-ɗaya fuska a murtuke, ya ce duk wanda ya makara abin da yake faɗa kenan, wasiƙa ba ta iso ba. Sai tsohuwar ta matsa gaba. Ta jera takardunta bakwai a kan kanta bisa kwanan wata, ta yi magana mai tsawo tana nuna zanen makulli, tana nuna Na-ɗaya, har ta kwaikwayi yadda yake manna waya a kunne ya wuce ta. Bai ji kalma ko ɗaya ba, amma ya san tarihinsa ake bayarwa, kuma bai taɓa jin kunya da godiya sun haɗu masa haka ba.

Jami'in ya daɗe yana kallon zanen. Ya cije leɓe don kada ya yi dariya. Daga ƙarshe ya buga hatimi a takardar wucin gadi, ya ba shi sabuwar ranar sabunta izinin, ya ce wannan karon a gabansa Na-ɗaya zai rubuta ta a tafin hannunsa.

An bar shi ya zauna, amma ba a kyauta ba. A makon da aka dakatar da shi aka rufe rajistar jarrabawa, saboda haka sai ya maimaita zangon gaba ɗaya. Mutumin da bai taɓa zuwa na biyu ba, 'yan ajinsa duka suka wuce suka bar shi.

Washegari da safe ya kira gida. Bai jira ƙarshen mako ba. Ya ce a ba shi Baba, ya faɗa masa komai, tun daga ledar shara har hatimi. Tsohon bai katse shi ba, bai kuma yi faɗa ba. Da ya gama sai ya ce, "To, na ji. Mene ne sunanta?"

Sai a lokacin Na-ɗaya ya farga. Sun wuni tare, ta bar aikinta dominsa, ta tsaya masa a gaban hukuma, amma har yanzu a ransa Mai Bokiti ce.

"Ban tambaya ba, Baba."

"Sauka ka tambaya. Zan riƙe wayar."

Ƙarfe takwas da rabi ne. Daga bayan ƙofa yana jin ƙarar bokitin nan a hawa na uku, ƙarar da ya yi watanni yana jira ta wuce. Ya buɗe ƙofa ya sauka da waya a hannu. Ya gaishe ta da 'yar gaisuwar da ya iya, ya dafa ƙirjinsa ya faɗi sunansa na yanka, sannan ya nuna ta.

Ta faɗa. Ya maimaita ba daidai ba. Ta gyara masa, ya sake, ta sake gyarawa. Sai a karo na uku ta gyaɗa kai. Daga cikin wayar ya ji muryar mahaifinsa a hankali, shi ma yana maimaitawa, don kada ya manta.

Darasi: Ilimin aji daban, sanin zama da mutane daban. In ka je inda ba a haife ka ba, ajiye girman kanka a bakin ƙofa, domin matambayi ba ya ɓata, kuma wanda kake gudu don ya gyara maka kuskure sau ɗaya, wataƙila shi ke riƙe da abin da zai cece ka. In kana da ɗa, ko ƙanwa, ko aboki da ke karatu nesa da gida kuma kullum amsarsa "komai lafiya," tura masa wannan labarin, sannan ka tambaye shi sunan maƙwabcinsa.